Wace jami'a ta fi dacewa da mai son tattalin arziki da tsara manufofin gwamnati?

Ƙanwarku:
Assalamu alaikum yayyena. Ina gab da kammala sakandare, kuma burina in fahimci yadda gwamnati ke tsara kasafin kuɗi da haraji. Ina zan nema?

Tsohon Malami:
Wa'alaikumus salam 'yata. Ki fara da digirin tattalin arziki zalla. Manyan makarantun tsara manufofi, irin su Blavatnik da Oxford ta kafa a 2010, ko Kennedy ta Harvard a Amurka, masu digirin farko suke ɗauka. Don haka ki duba sashen da ya ɗauki lissafi da ƙididdiga da muhimmanci. Na ga hazikan ɗalibai da dama da raunin lissafi ya tsayar da su a shekara ta biyu, abin yana damuna har yau.

Yayarki:
Gaskiya Malam ya faɗa. In kina da halin fita, jami'ar LSE (London School of Economics) da ke Landan tana haɗa siyasa da tattalin arziki tun a digirin farko.

Ƙanwarku:
Na gode ƙwarai. To in babu halin fita fa?

Tsohon Malami:
Ki yi a gida, ki fito da sakamako mai kyau. Shirin tallafin karatu na Chevening yana biyan kuɗin digiri na biyu a Birtaniya, amma sai kin yi aikin shekara 2.