Wai da gaske waya na sauraren hirar mutane?

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah masu sani ku raba mana wata gardama da ta ƙi ƙarewa a majalisarmu. Muna zaune bayan isha'i ana ta maganar sola saboda rashin wuta, ni ko taɓa wayata ban yi ba tana aljihu, wallahi da safe ina kunna data sai tallan fanel da inbata ta ko'ina. Abokaina sun dage wayar ce ke sauraro, har wani ya fara barin tashi a mota in za a yi maganar kuɗi. Mi ne ne gaskiyar abin?

Baban Khalifa Daura:
Wa alaikumus salam. Ni dai na yarda tana ji, abin da aka ba ka kyauta ai da abin da ake ci a jikinka. Ba a 2024 hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye ta ci tarar Meta, masu Facebook da WhatsApp, dala miliyan 220 kan bayanan 'yan Najeriya ba? To mi ya rage.

Mai Gyaran Waya:
Baban Khalifa tarar gaskiya ce, amma kan yadda ake kwasar bayanan mutane da rarraba su ne ba da cikakken izini ba, ba a ce an kama su suna naɗar hira ba. Kuma ni abin da nake gaya wa kwastomomi kullum shi ne ba su ma buƙatar su saurare ka. Wayarka ta san inda kake kwana, ta san lambobin da ke cikinta, ta san ku biyar ɗin nan kullum wuri ɗaya kuke haɗuwa wataƙila ma hotspot ɗaya kuke ja, to in ɗaya daga cikinku ya je gida ya bincika kuɗin inbata ai an gama, ga shi lokacin zafi ne masu saida sola sun biya a nuna tallarsu ga mazan Katsina masu irin shekarunka. Wataƙila ma tallar ta daɗe tana wuce ka, sai da aka yi maganar idonka ya kama ta.

In da makirfon ke aiki dare da rana yana tura murya da ka gani a caji da data, mu da ke sayen data ta ɗari biyar ai da tuni mun lura. Sannan daga Android 12 zuwa sama, duk manhajar da ta buɗe makirfon ko kyamara za ka ga ɗigon kore a saman allo, a iPhone kuma ruwan lemo ne na makirfon. Ka shiga saitin, wajen izini, ka duba su wa ka ba, in ka ga tocila ko gem na da izinin makirfon ka cire.

Maman Ilham:
Malam mai gyara Allah ya saka. Ni abin da ya fi damuna ba a ma maganarshi, wato masu ba da bashi ta waya. Ƙanwata ta ci bashin da bai taka kara ya karya ba, ta danna yarda ba ta karanta ba, kwana kaɗan da wucewar wa'adi suka bi lambobin wayarta suna tura saƙo wai ɓarauniya ce, har surukarta sai da ta samu. Ta yi kuka kamar ranta zai fita. Na ji Google ya hana irin waɗannan manhajojin taɓa lambobi da hotuna tun 2023, amma ita ta Xender aka tura mata, ba daga Play Store ba.

Mai Gyaran Waya:
Hajiya nan gizo ke saƙar. Haka masu GB WhatsApp, wato WhatsApp na jabu, na asalin tun 2016 saƙo a kulle yake tsakaninka da wanda ka tura mawa, wancan kuwa ba ka san wa ya haɗa shi ba. Ƙanwar taki tana da haƙƙi, akwai dokar kare bayanai ta 2023, ta adana hotunan saƙonnin ta kai ƙara FCCPC ko hukumar kare bayanai ta NDPC. Kuma don Allah in za ku kawo gyaran allo ko bakin caji ku daina ba mu fasuwod, yawanci aikin ba ya buƙata, in za a gwada a gwada a gabanku.