Musayar waƙa: Dutsin Kwatarkwashi da tudun Wurno

Na-Kwashi, Mabera:
Salamu alaikum jama'a. Ɗan Wurno ya daɗe shina cika muna kunne wai garinsu bisa dutsi yake, to yau ga hili ga doki, kowa shi amsa da waƙa ban da zagi.

Da sunan Allah zan hwara waƙata,
Ta garin da kakanni sunka ce na Kwashi.

Ka baro Gusau ka ɗau hanyar Tsahe,
Tun nesa dutsi za ya ce maka ga shi.

Tsohhi sun ce mace ta taɓa sarauta,
Sunanta har yau garinmu na amsa shi.

Maharba sunka riga kowa hawa nai,
Da kwari da baka, wasu na riƙe da mashi.

Can ƙoli maiki ka yin sheƙatai,
A da samari ka hawa da rana su kamo shi.

Wanda yak kamo shi ya zama gwarzo,
'Yan mata na guɗa, abokai na kishi.

Ɗan Wurno wai kai ma kana da dutsi,
In wanga na dutsi, suri ma a ƙirga shi.

Ɗan Wurno:
Wa alaikumus salam. Hhhh suri ko? To tsaya nan kak ka gusa.

Ni ban yi gardamar tsawo da kai ba,
Ba tsawo na ba abin taƙamar Wurno.

Bello ɗan Shehu shi yaz zaɓi tudun ga,
Yay yi ribaɗi, in ka mance ka tuno.

Daga nan aka tsare iyakar Gobir,
Mai gadi na bisa, kowane motsi ya gano.

A 1837 yar rasu garin nan,
Hubbarenai na nan, taho ko daga Barno.

Ƙasan tudu fadamar Rima ta shimhiɗe,
Albasa da tahwarnuwa a wuni ana tono.

Kai dutsinka mi yaka ba ka ka ci?
Mu tuwon shinkahwa muka ci cike da kwano.

Kuma don ka sani ba cikin waƙa ba, da Bature Barth yaz zo ƙasag ga a 1853 Wurno yas sauka yay yi kwanakki, don lokacin Sarkin Musulmi Aliyu Babba nan yake zaune ba cikin birnin Sakkwato ba, kai wa yas sauka bisa dutsinku in ba maiki ba?

Inna ta Rijiyar Ɗorowa:
Kai ɗiyan ga kun ishe ni, jikata ta karanto min, nic ce ba ni nan in hwaɗi tau ita ta rubuta.

Ɗiyana kun tsaya ga sarki da tsuntsu,
Kun mance dandali daren hwarin wata.

In an gama girbin gero an ɗaure,
Gaɗa muka yi har dare ni da ƙawata.

Maza na can gehe suna ta langa,
Ƙahwa guda riƙe, wani shi hwaɗi shi kwanta.

'Yan kokawa sun ɗaura layu ga damtse,
Makaɗa na zuga, ƙura ta rufe mata.

Tsohhi na gindin tsamiya suna dara,
Wanda yaj jera ukku bakinai ba ya huta.

Ko bisa dutsi ko ƙasan tudu,
Wasan ga guda na, babu mai bambanta.

Yaran yanzu ko ka ce su yi langa sai su tambaye ka ina aka sauke ta ga waya.

Na-Kwashi, Mabera:
Allah shi ja kwana Inna, a gahwarce mu, gaskiya ta. Ni kaina langa ta ci min gwiwa ina yaro har yau tabon na nan. Kamun maikin ga ko an bar shi tun da daɗewa don haɗe yake da tsahin Magiro na mutanen da, ni ma ga bakin kakana nij ji shi, bai son ba da labarin gaban malamai amma in an yi isha'i an rage mutane sai shi saki baki. Ɗan Wurno ga amsarka:

Ka ce mi dutsi ka ba mu mu ci,
Zamanin yaƙi kowa gudu yakai gare shi.

Doki ba ya hawa, mai sulke ba ya hawa,
Sai shi tsaya ƙasa shina ta nishi.

Kun ci shinkahwa, mu mun ci dawa,
Wanda yaƙ ƙoshi ba a bin shi bashi.

An yanke muna jihar Zamfara tun 1996,
Amma Sakkwato gida na, ba mu yi hushi.

Bagobirin Runjin Sambo:
Ni kallo nikai hwa ina shan shayi, sai nij ji Ɗan Wurno ya taɓo mu.

Kun gina ribaɗi don tsoron wa?
Hwaɗi gaskiya, tsoron Gobirawa.

An ci Alƙalawa, birnin Gobir, a 1808,
Amma barci bai zo muku ba bayan cinyewa.

Da mun kwanta da ba a hau tudu ba,
Garinku mu munka sa aka yi ginawa.

Saboda haka buhun albasa guda nika jira, ladan kakannina.

'Yar Tsahe:
Na-Kwashi ka ambaci hanyarmu ka wuce kamar ba mu da duwatsu, ga 'Yandoto kusa da mu garin malamai tun kahin jihadi babu wanda yat tuna da ita. Ban iya waƙa ba amma yayana ya iya, bari shi dawo daga kasuwa.

Ɗan Wurno:
Bagobiri albasa ta yi tsada bana, rabin tiya zaka samu. Wuta ta ɗauke caji saura kaɗan, bayan magariba zan amsa maka baiti baiti, kuma Inna don Allah ki ce ma jikarki ta rubuto muna waƙar gaɗar da kuka yi ɗin.