Mabiyiya da ciwon daji: rigima kan "mamaya"

Sadiq Samaru: Jama'a, raina a ɓace yake. A taron ɗalibai na ce akwai sunadaran da ke kunna ƙwayoyin gado ko su kashe su, irin su HIF. A farkon ciki, lokacin da iskar oksijin ta yi ƙaranci, HIF na cikin masu tsara yadda ƙwayoyin mabiyiya ke mamaye bangon mahaifa. Ciwon daji ma da shi yake janyo wa kansa jijiyoyin jini. Kan binciken HIF da yadda ƙwayoyin jiki ke gane ƙarancin oksijin aka ba mutum uku kyautar Nobel a 2019. Wai sai wani ya miƙe ya ce na zagi iyaye mata!

Maman Ilham: To ai ka zaga. Mamaya fa ka ce. Kyautar Allah ce ɗan mamaya?

Sadiq Samaru: Hajiya, mabiyiya na ce, ban ce jariri ba.

Malam Bala Tudun Wada: Mamaya sai da ƙarfi, yaro. Mahaifa karɓa take yi, ba ƙwace mata ake ba.

Nas Rabi: Allah gafarta Malam, kalmar ta yi daidai. Ƙwayoyin nan har cikin jijiyoyin jinin uwa suke shiga su faɗaɗa su. In shigar ba ta yi zurfi ba, a nan ake samun hawan jinin masu ciki, har ta kai ga jijjiga. Mu muke gani a ɗakin haihuwa.

Maman Ilham: Ku ma'aikatan asibiti kullum sai tsorata mata. Kakata ungozoma ce a cikin birni, ba ta taɓa kiran wata mamaya ba.

Ɗan Kwarbai: Yauwa Hajiya! 'Yan Samaru da sun leƙa littafi sai su raina na cikin ganuwa.

Sadiq Samaru: Me ya kawo Samaru kuma? Akwai ciwon dajin da daga ƙwayoyin mabiyiya yake tasowa, kuma tun 1956 aka warkar da shi a Amurka da wani magani mai suna methotrexate. Mabiyiya tana da birki, daji ba shi da shi.

Ɗan Kwarbai: Ina ruwanmu da Amurka?

Nas Rabi: Mata nawa ake kawo mana daga gida jini na zuba, sai an makara?

Maman Ilham: Kin ga irinta ko? Yanzu kuma ungozoma ce mai laifi.

Alhaji Shehu, mai kula da zaure: To, an ji kowa. Sadiq ya yi amfani da kalmar da ba ta dace ba, Hajiya da Malam sun gyara masa, kuma mutuncin ungozomominmu na nan daram. Rabi, a bar zancen asibiti haka nan. Na rufe.