Ɗalibaina suna kawo mini fassarar inji, in hana su ko yaya?

Malamar Turanci:
Assalamu alaikum. Ina koyar da manyan ɗalibai Turanci, kuma a cikin kwas ɗin akwai darasin fassara tsakanin Turanci da Hausa. Aikin gida ne ya zame mini ciwon kai. In na ba da sakin layi a fassaro, sai rabin aji su kawo jimloli iri ɗaya, har kuskurensu ɗaya. Kwanan baya na ba su labarin wata likita. A farko an rubuta "ta ce", ana zuwa jimla ta uku sai baiwar Allah ta koma "ya ce", kuma babu wanda abin ya dame shi. Da gani ka san aikin Google Translate ne ko ChatGPT. Ina tunanin in hana taɓa waya a kwas ɗin baki ɗaya. Ku da fassara ce sana'arku, me kuka gani?

Tsohon Tafinta:
Wa alaikumus salam, Malama. Hanawar ba za ta kai ki ko'ina ba, don ba kya bin su gida. Hausa ta shiga Google Translate tun ƙarshen 2013, kuma daga 2016 kamfanin ya fara komawa tsarin da ke ɗaukar jimla ɗungurungum maimakon gutsure-gutsure. Abin da wannan ya haifar shi ne jimla ta yi santsi, kuskure kuma ya sami wurin ɓuya. A da kana ganin fassarar inji ka gane ta, don kan-gado babu. Yanzu za ta yar da "ba" ta korewa, ko ta tsallake rabin jimla, amma ka karanta ka ji daɗi. Ta fi yin haka in an fita daga labarai, domin injin daga rubutun da ya tarar a intanet yake koyo, na Hausa kuwa kaɗan ne, kuma kaso mai yawa labarai ne da rubutun addini. Ba shi takardar magani ko yarjejeniyar haya ki sha mamaki.

Duk da haka, yawancin aikin da kamfanonin fassara ke turo mana yanzu gyaran abin da inji ya fitar ne. Har ƙa'ida ta duniya aka yi wa wannan aiki a 2017, ISO 18587. To ɗalibin da ya fita bai iya shi ba, an bar shi a baya.

Ni abin da na dage a kai shi ne jerin yadda za a yi. Su fara fassarawa a gabanki, da biro da ƙamus, waya tana jaka. Sai ki karɓi takardun, sannan su saka wannan sakin layin a inji. A raba shafi gida uku: nasu, na inji, da na ƙarshe wanda suka tsaya a kai. Duk inda suka sauya wani abu su rubuta dalili a gefe, ke kuma dalilan za ki ba maki. Wanda bai fara kokawa da Turancin da kansa ba, Hausar injin kawai zai karanta ya ji ta yi daidai, ba zai koma ya duba asalin ba. Likitarki da ta koma namiji, da sun riga sun rubuta "ta" da hannunsu, da idonsu ya faɗa kai nan take.

Mai Fassara a Gida:
Baba Tafinta ya gama magana, Allah ya ƙara basira. Abin da zan ƙara, Malama, ki nuna musu manhajar OmegaT. Kyauta ce, tana aiki ko babu intanet, kuma ba ita ke fassara ba. Tana yanka rubutu jimla-jimla, ta adana duk abin da mutum ya fassara, in jimla mai kama da ita ta sake zuwa ta nuna masa tsohuwar da kashi nawa suka yi daidai. Akwai wurin jera kalmomin fanni, don kada yau a ce "majalisa" gobe a ce "kwamiti" a kan abu ɗaya. Wanda ya iya ta, Trados, wata manhajar irinta da kamfanonin fassara ke amfani da ita, ba zai ba shi wuya ba. Su kuma saka Hausa a Gboard, wato allon rubutu na Google a waya, saboda ƙ da ɗ da ɓ. Sannan ki ja musu kunne tun yanzu: takardar sirri ta wanda ya ba da aiki ba a liƙa ta a injin fassara na kyauta na intanet.

Malam Na Aji:
Ni fa ban tare da ku gaba ɗaya. Shafi mai gida uku yana da kyau in ɗalibai ashirin ne. In sun haura ɗari, wa zai karanta dalilan? Kuma mu faɗi gaskiya, da yawansu ba fassarar ce matsalarsu ba, Turancin ne bai zauna ba, shi ya sa suke gudu wurin inji. Ni zangon farko hana shi nake yi a fassara, in tura wayar inda take da amfani, wato kunne da baki. Shirin koyon Turanci na Muryar Amurka, wanda aka fara tun 1959, a hankali ake karanta shi da kalmomi wajen 1,500. Su saurara, su rubuta abin da suka ji, su gwada da rubutun shirin. Sababbin kalmomi su zuba a Anki, manhajar hadda, da cikakkiyar jimla, ba kalma tsirara ba. Sai su naɗi muryarsu ta minti ɗaya su turo ta WhatsApp.

Malamar Turanci:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ajina ya fi kusa da na Malam Na Aji a yawa. Baba Tafinta, in na raba su rukuni-rukuni, zai yi?

Tsohon Tafinta:
Zai yi, Malama, amma fassarar farko kowa ya yi tasa shi kaɗai. Gida na uku ne za su haɗu mutum huɗu ko biyar su yi gardama a kai, su kawo miki takarda ɗaya. Kada sakin layin ya wuce jimla shida, kuma ranar gyara ki zaɓi da kanki wanda zai tashi ya kare ta.