Neman shawara: labarin yarinya da aljani ya tsaya mini a tsakiya

'Yar Gandu: Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta da makaranta. A yi haƙuri da tsawon rubutun, kaina ne ya kulle. Tun ina sakandare nake karanta littattafan Turawa na soyayyar matasa da halittun ɓoye, irin wanda 'yar makaranta za ta faɗa son mai shan jini ko mai rikiɗa kyarkeci. Yayata ce ke kawo mana su daga makarantar kwana, bango duk ya yage, muna karɓa-karɓa, har Baba ya taɓa kama ni da tocila a cikin bargo ya ƙwace, sai da Gwaggo ta sa baki. Ita yayar tawa yanzu tana aure a Kaduna, ko saƙo na tura mata ba ta karantawa. To bara na fara rubuta nawa da Hausa. Jidda 'yar shekara 16 ce, tana aji biyar, sai wani aljani da ke zaune a tsamiyar bayan ɗakin kwanansu ya kamu da sonta. Na saki shafukan farko kyauta a WhatsApp, sannan na buɗe gurup na kuɗi, naira 500. Yanzu makaranta sun rabu biyu. Wasu sun ce aljanin ya cika sanyi, suna so ya yi kishi ya hukunta ta. Wasu sun ce Jidda gawa ce, ba ta da ta cewa. Wata ta rubuto wai Twilight, littafin Turawa na soyayyar 'yar makaranta da mai shan jini, aka sa wa hijabi. Matar kawuna kuma ta gani a wayar 'yarta, ta kira Mama ta ce ina gayyato wa 'ya'yan mutane namijin dare. Na dakatar da rubutun, waɗanda suka biya suna ta neman kuɗinsu. In ci gaba ne, in gyara, ko in goge?

Uwar Biyu: Wa'alaikumussalam. Ba ki faɗa mana shekarun aljanin ba, ba ki kuma faɗi yadda kike so labarin ya ƙare ba. Aure za su yi?

'Yar Gandu: Shekararsa 400, amma a siffar ɗan 18 yake zuwa mata. Ƙarshen kuma ban yanke ba tukuna.

Anti Mai Jan Biro: Ƙanwata, zauna ki ji, don na daɗe ina duba rubutun mutane. Wadda ta ce miki Twilight ne da hijabi ba ta yi ƙarya ba, kuma ba duka zagi ba ne. Littafin, wanda Stephenie Meyer ta rubuta, ya fito a 2005, uku suka biyo baya har 2008, kuma abin da ya riƙe 'yan mata a duniya shi ne jan rai. Saurayin yana son yarinyar, yana kuma jin ƙishirwar jininta, don haka ko hannunta zai riƙe sai ya yi yaƙi da kansa. Har cewa ya yi sai an ɗaura aure kafin komai. Wannan ƙarfin nau'in ne: haɗari da kamun kai a wuri ɗaya, mai karatu tana ta zullumi ba tare da an rubuta batsa ba. Mu da muke rubutu a inda ake sa ido, wannan ya dace da mu.

Amma kin kwaso har da cutar. An haifi saurayin, Edward, a 1901, yarinyar kuma, Bella, tana da shekara 17. Yana shiga ɗakinta da dare yana kallonta tana barci ba ta sani ba. A littafi na uku har motarta ya lalata don kada ta je wurin ɗayan saurayin, Jacob. A na biyu da ya tafi ya bar ta, shafuka ne aka bari ba komai sai sunayen watanni, Oktoba zuwa Janairu, wato in babu shi yarinyar ba ta da rayuwar da za a rubuta. Ki cire sihirin ki duba abin da ya rage: tsoho mai bin yarinya, mai hana ta ƙawaye, ana kiran abin so. Naki ma ya ninka nasu a shekaru. Ki faɗa min abu ɗaya da Jidda take so a duniya ban da shi.

'Yar Gandu: Anti, ai nawa ba ya shiga ɗakinta, ta taga yake tsayawa. Kuma Jidda tana son zama likita, na faɗa a shafi na biyu.

Anti Mai Jan Biro: Kin faɗa a shafi na biyu. Na karanta na kyautan duka. Daga nan ban sake ganinta da littafi a hannu ba, sai kuka da suma da jin ƙamshin turarensa. Tagar kuma ki bar maganarta.

Ɗan Zariya: Ni kam Anti ban yarda a gyara don masu ƙorafi ba. Masu cewa gawa ce su ne na farko da za su buɗe sabon shafi. Ki ƙaro saurayi na biyu, mutum, ɗan malamin da aka kawo ya yi mata ruƙiya. Makaranta su rabu gida biyu suna faɗa, kasuwa ta buɗe. Turawan ma da haka suka sayar, 'yan Edward da 'yan Jacob har riguna aka buga musu.

Anti Mai Jan Biro: Wannan shi ne rauni na biyu na nau'in, kai kuma kana ba ta shi a matsayin magani. Kowa ya san wanda yarinyar za ta zaɓa tun shafin farko, ana jan na biyun ne kawai don littafi ya yi kauri.

Mai Alƙalamin Dare: Ke dai ki gode Allah naki kuɗi suke nema. Ni nawa wata ce ta biya sau ɗaya, ta haɗa shi ya zama fayil guda tana rabawa gurup-gurup, wani kuma ya karanta shi a YouTube da muryarsa, ko sunana bai ambata ba. Na yi magana aka ce na cika son kuɗi. Datar da nake saye ruwan sama ne ke kawo min ita? Allah ya isa ban yafe ba.

Uwar Biyu: Ni abin da matar kawunki ta faɗa shi ya tsaya min. 'Yata 'yar 14 sai da na raba ta da waya, ƙarfe biyun dare tana karatun irin waɗannan, da safe a kasa tashinta sallah. Ubanta kuma laifin a kaina ya ɗora, shi da ya sayo wayar ba da shawarata ba.

Malam Na Ƙofar Gari: 'Yata, ga inda kowa ya tsallake. Yarinyar Amurka da ke karanta labarin mai shan jini ta san babu shi, ta rufe littafi ta yi barcinta. Aljani kuwa akwai shi, sura guda ce a Alƙur'ani. Yarinyar da ke karanta naki tana kwana a ɗakin da aka taɓa danne ƙawarta ana mata karatu a kunne. Malamai da yawa sun hana auren mutum da aljani, suna kafa hujja da aya ta 72 a Suratun Nahli, cewa daga jinsinmu aka yi mana matan aure. An kuma ruwaito Imamu Malik ya ƙi abin don kada mace ta zo da ciki ta ce na aljani ne. In za ki ƙarasa, kada ki ɗaura musu aure.

'Yar Gandu: Malam, aljanin nawa Musulmi ne fa, har tashinta yake yi sallar asuba. Kuma ƙirƙira ce, kowa ya sani. Tatsuniyoyinmu cike suke da 'yan mata da suka auri dodo da maciji, ba wanda ya ce kakanninmu sun ɓata tarbiyya.

'Yar Maraɗi: A nan na goyi bayanki. Amma ki tuna a tatsuniya yarinyar da ta ƙi samarin gari ta bi baƙo kyakkyawa, a hanya yake mayar da kayan aro ɗaya bayan ɗaya, daga ƙarshe gudu take yi ta dawo gida. Me zai hana ki bi wannan? Ya fi na Turawan tsoro ma.

Anti Mai Jan Biro: Ba gudu za ta yi ba, zaɓi za ta yi. Ki ba Jidda ƙawa ta gaske, ki ba ta jarabawa da take tsoron faɗuwa, ki sa ranar da ya hana ta fita ta ji haushi maimakon daɗi. Ki kuma kafa wa aljanin doka: me yake iyawa, me ba ya iyawa, me zai rasa in ya taɓa ta. Yanzu duk inda kika maƙale sai ki ba shi sabon ƙarfi. Sannan ki ɗaga shekarunta ta shiga jami'a. A 2007 a Kano an ƙona littattafan soyayya a bainar jama'a, Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i kuma tana nan. Kada ki ɗauka don a waya kike ba a ganinki.

'Yar Gandu: In na kai ta jami'a tsamiyar fa? Duk labarin a kanta aka gina shi. Kuma masu biya 'yan sakandare ne suka fi yawa, ita suke gani kamar su. Ni dai tambayata kuɗin nan ne, in mayar ko in ce su ƙara haƙuri?

Ɗan Zariya: Kada ki mayar ko sisi. Ki saki shafi gobe.

Uwar Biyu: 'Yan sakandare ne ke biya? Da kuɗin wa?

Mai Alƙalamin Dare: Wai akwai wanda ya san yadda ake kai ƙarar tashar YouTube a sauke abu?