Abin da aka tattauna kan sinadaran da ke cikin wiwi

Jama'a, ga abin da na tsinto daga doguwar muhawararmu ta 'yan Gombe.

1. An yi ittifaƙi cewa ganyen na ɗauke da sinadarai sama da 100, amma biyu suka fi tashe: THC da CBD.

2. THC ne mai bugarwa. Shi ke jajanta ido, ya busar da baki, zuciya ta riƙa dukan uku-uku, ga cin abinci ba ƙoshi. Ma'aikatan lafiyan cikinmu sun nanata cewa yaron da ya fara sha da ƙuruciya ya fi shiga haɗarin taɓin hankali.

3. CBD ba ya bugarwa. A 2018 Amurka ta amince da Epidiolex, maganin farfaɗiya mai tsanani da aka haɗa da shi. Sai dai yana iya taɓa hanta, kuma ba ya jituwa da wasu magunguna kamar warfarin, maganin hana daskarewar jini.

4. CBN, wani sinadarin wiwi, na samuwa ne idan THC ya tsufa. Wasu sun ce yana sa barci, wasu suka ce hujjar ba ta yi ƙwari ba.

Inda aka fi rabuwa shi ne man CBD da ake talla a Facebook. Kaɗan sun kare shi. Mafi yawa (har da ni) sun ce babu tabbacin abin da ke cikin kwalbar, kuma wiwi haramtacce ne a dokar Najeriya, NDLEA na kame a kansa.