Daren da hasashen dambe ya kwance mana zani a kasuwa

Baban Sadiya, Nima

Salamu alaikum jama'a. Jiya bayan isha'i gardama ta kaure a bes ɗinmu, wato majalisar hirarmu, kan wa zai sake kawo wa Ghana kambun duniya, har ataya ta huce a buta ba wanda ya lura. Kowa ya zama malamin dambe. Na ce to a ajiye maganar gobe, kowa ya zo ya faɗi daren da ya hana idonsa barci, ya bugi ƙirji ya ce wane ne zai ci, gari ya waye kunya ta hana shi fita sayen koko. Bari in fara, kada a ce na tona na wasu na rufe nawa.

Nawa na Joshua Clottey ne da Manny Pacquiao, watan Maris na 2010, a Texas. Sati biyu na yi ina wa mutane huɗuba. Kuma ina da hujja: Clottey ya fi shi girman jiki, ya doke Zab Judah a 2008 ya ɗauki kambun IBF, a 2009 kuma da ƙyar Miguel Cotto ya sha a hannunsa, har kan alƙalai ya rabu. Na ce wannan ɗan guntun Filifin ɗin bai taɓa cin karo da dutse irin na Bukom, unguwar 'yan dambe a Accra, ba.

Muka yi karo-karo muka ɗauko janareta saboda tsoron ɗauke wuta, muka fito da talabijin kan tebur a ƙofar gida, aka jera benci. Tun ƙarfe biyu muke zaune, sauro na cin rabonsa. Da aka buga ƙararrawa sai mutumina ya ɗaga safar hannu biyu ya rufe fuska. Na ce ku bar shi, dabara ce, so yake ya gajiyar da shi. Turmi na uku ya wuce, na biyar ya wuce, ina ta cewa dabara ce, murya tana ƙanƙancewa. Har Pacquiao ya gaji da neman ƙofa ya haɗa masa hannu biyu lokaci guda a kai, kamar mai kashe sauro. Wani dattijo da ke bayana ya taɓo kafaɗata ya ce, "Baban Sadiya, yaron nan dambe ya je ko fakewa daga ruwan sama?" Naushi sama da 1,200 Pacquiao ya jefa a daren nan. Alƙali ɗaya bai ba Clottey ko turmi guda ba. Ana kiran assalatu na sulale, masallacin wata unguwa na je na yi asuba.

Daga baya Clottey ya ce cikinsa ne ya ɓaci bayan ya ci banku da miyar kuɓewa. Tun ranar yaran layinmu suke kirana Mai Kuɓewa.

Awudu Tela, Aboabo, Kumasi

Yaya, Allah ya ba ka haƙuri, amma kada a sa ni layi ɗaya da kai. Ni hasashena bai faɗi ba, alƙalan Las Vegas ne suka kayar da shi. Fabrairun 1999, Ike Quartey da Oscar De La Hoya. Lokacin ina yaron shago, na yi wa maigidana rantsuwa cewa in Bazooka, wato Quartey, bai ci ba zan yi wata guda ina gugar kaya ba tare da ya ba ni ko kuɗin shayi ba. Duk wanda ya ga hagun Quartey ya san abin da nake faɗa. Wannan hagun da yake miƙewa, ba na auna nisa ba ne kamar na sauran 'yan dambe, duka ne sosai, kan mutum har baya yake yi. Da shi ya je Faransa a 1994 ya ƙwace kambun WBA daga Crisanto España. A turmi na shida kowa ya kai ɗan'uwansa ƙasa, daga nan kuma Quartey ya riƙa ɗinka wa De La Hoya fuska kamar ina bin layi da keke. Alƙali ɗaya ya ba namu, biyu suka ba ɗan gida. Na yi gugar wata guda, amma har gobe ban yarda ba.

Malam Sani, Madina Zango

Awudu, ka tsallake turmi na goma sha biyu kamar ba a yi shi ba. De La Hoya ya fito ya kai Quartey ƙasa, ya matse shi a igiya yana zuba masa ruwan naushi, muna nan muna salati kada alƙalin wasa ya tsayar. Kuma a turamen ƙarshe namu ya rage wuta, kamar wanda ya riga ya ƙirga ribarsa. Wanda ya je gidan mutum neman kambu ba ya barin alƙalai su yi lissafi. In zalunci kake nema tsagwaronsa, je ka kalli Joseph Agbeko da Abner Mares a 2011. Ana ta dukan King Kong, wato Agbeko, ƙasan cibiya, alƙalin wasa ya zuba ido, a turmi na goma sha ɗaya ma aka buge shi a nan ɗin ya durƙusa, aka hau ƙirga masa. Wannan ni ma na ce Agbeko zai ci, kuma ban ji kunyar kowa ba. Da aka sake karawa a Disamba Mares ya ci shi ba tantama, to nan kam na yi shiru.

Awudu Tela

Malam, turmi ɗaya kake ƙirgawa, ni goma sha ɗaya.

Alhaji Tanko, Sabon Zango

Ku duka yara ne, a talabijin kuka ji kunyarku. Ni da ƙafata na taka zuwa filin wasa na Accra a Nuwamban 1976, in ga D.K. Poison ya kare kambunsa. Shi ne ya fara ɗauko wa ƙasar nan kambun duniya, a 1975, daga hannun Ruben Olivares a Amurka. Ba wanda ya shiga filin nan da tunanin za a ci shi a gida. Danny Lopez kuwa ka gan shi siriri, ka ce iska za ta ɗauke shi. Turmi goma sha biyar ake yi a zamanin, ba sha biyu ba. Tun ana ihu har aka koma jin ƙarar safa a jikin mutum, jini ya wanke wa Poison fuska, amma ya tsaya har ƙarshe. Da aka ɗaga hannun Lopez muka fito ba mai ce wa wani kanzil, na tako har gida ban nemi mota ba.

Amma ba wannan ce babbar kunyata ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Da Azumah Nelson zai je Puerto Rico a Disamban 1984 ya kara da Wilfredo Gomez a garinsu, ni ne na riƙa bi rumfa-rumfa ina cewa kada a wahalar da kai, Salvador Sanchez ya riga ya tsayar da shi a 1982, wannan ma haka za ta ƙare. Azumah ya shimfiɗe Gomez a turmi na goma sha ɗaya. Marigayi yayana ya zo har ɗakina da sassafe, bai ce komai ba, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallona yana murmushi. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Da na ce namu zai ci an ci shi, da na ce za a ci shi ya ci.

Maman Fati mai waakye, Mamobi

Baba Alhaji, a gafarce ni in sa baki cikin maganar maza. Ni dama ƙarfe uku nake tashi in ɗora tukunya, saboda haka duk damben Amurka da ni ake kallo ko ban so ba. Disamban 2019 maigidan ya tara abokansa a tsakar gida don Richard Commey da Teofimo Lopez. Tun da yamma yake ce mini yaron nan Lopez rawa da tsalle kawai ya iya. Aka gama turmi na farko, ya tashi ya ce bari ya wanke kofuna ya zo, dare da sauran tsawo. Yana bakin famfo Lopez ya sakar wa Commey dama guda, ƙafafun suka ƙi ɗaukarsa. Kafin maigidan ya dawo da tire an tsayar da wasa. Ya tsaya da kofuna shida a hannu yana tambaya, "An fara na biyun?" Ni dai na juya na ci gaba da tsince wakena, don in na yi dariya ranar ba zaman lafiya.

Ɗan Fadama

Cale, nawa sau biyu ne kuma mutum ɗaya. Ina cikin Bukom Boxing Arena a Janairun 2018 da Isaac Dogboe ya tsayar da Cesar Juarez a turmi na biyar, na yi ihun kirarinsa "Neho!" har muryata ta dushe kwana uku. A Afrilu ya je Amurka, Jessie Magdaleno ya kai shi ƙasa a turmin farko, ya tashi ya gama da shi a na goma sha ɗaya. Daga nan na daina kallon abokin karawa, suna kawai nake ji in ce an gama. Emanuel Navarrete ma ban san kamanninsa ba sai da suka tsaya gaba da gaba a Disamba, na ga hannuwa kamar taɓarya. Dogboe yana kai naushi yana dukan iska, wancan yana taɓa shi daga nesa, fuska ta kumbura. Na ce tsautsayi ne, a sake. Aka sake a Mayun 2019, abin ya fi na farko muni, har mahaifin Dogboe ya jefa tawul a turmin ƙarshe.

Malam Sani

An ce ba a sarar mumini sau biyu a rami ɗaya. Kai da hannunka ka koma ka zura.

Baban Sadiya

Ba wanda zai ambaci Bukom Banku ne? A 2017 rabin Accra sun rantse ba mai iya kai shi ƙasa, saboda bakinsa ya fi naushinsa sauri, Bastie Samir ya tsayar da shi a turmi na bakwai. Wannan kaɗai na taɓa faɗa daidai, kuma ba wanda yake tunawa, kuɓewar kawai aka riƙe.

Awudu Tela

Malam Sani, ina da damben Quartey a wayata daga farko har ƙarshe. Juma'a mai zuwa zan shigo Accra sayen yadi. Ka tanadi biro da takarda da ataya, mu zauna mu ba da maki turmi bayan turmi, Baba Alhaji ya zama alƙali na uku.

Alhaji Tanko

Ku nemi wani. Duk wanda na ba gaskiya shi ne zai faɗi.